Hannun Baba Lallaɓa

Duk wanda ya taɓa bin bayan Baba Lallaɓa a matakalar bene ya san inda sunan ya samo asali. Mutum ne da ba ya taka ƙasa sai ya nemi izininta. In zai buɗe ƙofa, sai ya kama mariƙin ya ɗan saurara, kamar mai jiran a amsa masa sallama, ko da kuwa ƙofar sito ce. Matarsa takan ce tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa fasa mata kofi ba, bai kuma taɓa samun motar farko ba.

Abin gado ne. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, a wata 'yar rumfa da ba ta ɗaukar mutum biyu sai ɗaya ya bar ƙafarsa a waje. Nan Baba ya taso, yana tsince wa tsoho 'yan ƙusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba, yana koyon riƙe numfashi har ƙusa ta zauna. Da agogon batir ya cika kasuwa, mutane suka daina kai gyara suka koma yarwa, sai tsoho ya rufe rumfa ya ce masa, "Kai ba ka da baki, ba ka da ƙafa. Hannu Allah ya ba ka. Je ka nemi inda ake son hannu."

Inda ake son hannun ya zama wata cibiyar bincike, hawa na biyu, can ƙarshen baranda, ɗakin da sanyinsa ke sa baƙo atishawa. Da wankin kwalabe ya fara. Ya yi shekaru yana wanki ba a taɓa jin ƙarar gilashi daga wajensa ba, har masu binciken suka riƙa leƙowa su ga ko yana aikin kuwa. Daga nan aka koya masa awo, aka tura shi kwas, aka ba shi farar riga. A ƙarshe aka damƙa masa aikin da ba a yarda kowa ya taɓa ba, wato rabon 'yan aike.

To, ga yadda abin yake. A ɗakin nan ƙwayar cuta ake kamawa, irin wadda ake kira bairos, a zare mata dafi, a kwashe mugun saƙon da ta saba kaiwa, a ɗora mata na alheri. Ita dai bairos ba abin da ta iya a duniya sai kutsa kai cikin ƙwayoyin jiki ba sallama. Sai masana suka ce, tun da ɓarawo ya san hanyar shiga gida, bari a ba shi aike. Saƙon kuwa ɗan guntu ne na abin da ɗa ke gada daga iyayensa, wanda aka gyara, ana fatan wata rana ya maye gurbin wanda ya zo da matsala. Ba a kai ga mutane ba tukuna. A faranti ake gwadawa, a kan ƙwayoyin jiki da ake kiwo cikin wani ruwa ja-ja. Kuma don a san ɗan aike ya isa, akan haɗa masa da wata alama. In saƙo ya shiga, aka kashe fitila aka leƙa na'urar duba ƙwayoyi, sai ka ga farantin ya kama haske kore shar, kamar gari daga nesa. Mutanen ɗakin ba sa cewa bairos. 'Yan aike suke cewa, kamar wasu 'ya'yan maƙwabta.

Sai dai ɗan aiken nan, da aka raba shi da mugunta, sai ya koma ɗan lele. Ba ya son ɗumi. Ba ya son a girgiza shi. In kumfa ta tashi a ruwan da yake ciki, 'yar rigar da ke jikinsa ce ke yagewa, shi kuwa ba ya shiga gidan mutane tsirara. Abin da ya fi tsana duka shi ne a daskarar da shi, a narkar, a sake daskarewa. Kowane zagaye sai ya ci wani sashe na rundunar, ga ruwa nan garau kamar ba abin da ya faru, amma 'yan aiken ciki sun zama gawa. Ana shafe makonni ana wahala kafin a samu zubi ɗaya, abin da bai cika cokali ba. Shi ya sa ranar da zubi ya fito dole a raba shi nan take, a kan ƙanƙara, ɗigo-ɗigo cikin 'yan mitsi-mitsin kwalaben roba, kowace kwalba ta aiki ɗaya, a kai su firizar da sanyinta ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba. Da sauri ake yi, amma ba da gaggawa ba. Bambancin da ke tsakanin biyun nan shi ne abincin Baba Lallaɓa.

Kowa ya so ya gan shi yana rabo. Zai zauna gaban kabad ɗin gilashi mai hura iska, ya sa safar hannu, ya ɗauki fifet, wato siririn bututun zuƙa mai maɓalli a ka, ya riƙe shi kamar alƙalami. Bakin bututun zai shiga kwalba bai taɓa gefe ba, ɗigon ya sauka a jikin bango ya gangara a hankali kamar hawayen mai kunya. Yana yi yana wa'azi, don wa'azin ma cikin aikin yake. "Abin da ya narke ya narke. Ba a mayar da shi. Ko uwarka ce ta ce ka mayar, ka ce mata Baba ya hana." Ɗalibai sun haddace wannan kafin su haddace sunan shugabar ɗakin.

Shugabar kuwa Farfesa ce, mace mai ƙarancin magana da gilashi a kan tsinin hanci. Tana ɗaliba ta zo ɗakin, Baba ne ya gyara mata riƙon fifet, shi ya sa har gobe Malam take ce masa.

Sai Guguwa. Dakta ce da digirinta cur, amma ba mai kiranta Dakta sai baƙo, ko Baba in ransa ya ɓaci. Mace ce da ke rufe aljihun tebur da ƙugu, ta tura ƙofar firiza da ƙafa, waya na maƙale tsakanin kunne da kafaɗa tana yi wa mai kai 'ya'yanta makaranta kwatance. Ba halin banza ba ne. Mijinta aikin tafiye-tafiye yake yi, ga yara, ga surukuwa mai ciwon ƙafa, ga binciken wani ciwon jini na gado da ta ɗora rayuwarta a kai. Wanda ya ɗauko kaya irin wannan ba ya tafiyar hawainiya. Ita da Baba kullum suna cikin tsiya.

"Baba, ka gama rabon ne, ko in je in haihu in yaye in dawo?"

"Je ki, 'yar nan. In kin dawo ki zo da jaririn. Shi zan koya wa, ke kin fi ƙarfina."

"Wallahi da kai ne ɗan aiken, da saƙon ya isa bayan mai ciwon ya warke da kansa."

"Da ke ce kuma, da kin isa da wuri, kin mance saƙon a gida."

Haka suke, kuma duk ɗakin ya san in Baba bai zo aiki ba, ita ce ta farko da za ta buga waya ta ji ko lafiya.

A gida abin ya fara. Matar Baba ɗinki take yi a ɗan ɗakin da ke kusa da ƙofar shigowa, shi kuma Tela yake ce mata, ko a gaban surukai. Idonta ya daɗe da yin rauni, don haka kowace safiya kafin ya fita sai ya zauna a bakin gadon keken ɗinki ya zura mata zare a allurai, ya jera su a jikin matashin allura, baƙi, fari, ja, yadda za su kai ta yamma. Shekara da shekaru zare bai taɓa yi masa gardama ba. Wata safiya ya nufi idon allura, zare ya bi ta gefe. Ya lasa, ya murza, ya sake nufa, ya sake bi ta gefe. Ya duba, sai ya ga babban yatsansa na dama yana wani ɗan kaɗawa shi kaɗai, kamar mai jin kiɗan da ba wanda ke ji.

"Allurar zamani," in ji shi. "Sun daina yi mata ido, sai alama."

 Bayan kwana biyu ya tarar Tela ta sayo allurai masu faɗin ido. Da aka jima ta sayo waɗanda suka fi su. Da tafiya ta yi tafiya, allurar da ke cikin matashin nan ko buhu aka ba ta za ta ɗinke, amma daga shi har ita ba wanda ya ɗaga maganar.

A wurin aiki ba a sayo wa mutum kwalba mai faɗin baki don a rufa masa asiri. Ranar da bakin fifet ya fara bugun gefen kwalba, ƙas, ƙas, ƙas, har wata 'yar kumfa ta taso ta tsaya tana kallonsa, Baba ya ji gumi ya karyo masa a ɗakin da ke sa mutane atishawa. Ya waiwaya. Ba wanda ya gani. Ya daina shan shayin safe, ko shi ne sanadi. Ya koyi dafa gwiwar hannu a kan tebur. Ya koyi tallafe wuyan hannun dama da na hagu. Ya kafa sabuwar doka, cewa in yana rabo kowa ya fita, wai numfashin jama'a na kawo ɗumi. Ɗalibai suka fita suna jinjina kai, suna cewa lallai tsohon nan ya kai maƙura a sanin aiki.

Amma hannu ya ƙi jin lallashi. Wata rana ya yi lafiya lau, wata rana ya tashi da rawarsa. Sai Baba ya yi dabarar da ta zama sanadin komai. Ya ajiye 'yan mitsi-mitsin kwalaben, ya ɗauko manya masu faɗin baki. Maimakon ɗigo-ɗigo a kwalabe masu yawa, sai ya zuba da yawa-yawa a kwalabe kaɗan. Aiki ya ragu, bugun gefe ya ragu, asiri ya rufu.

Guguwa ce ta fara ɗauko ɗaya. Ta ɗaga ta a haske, ta juya ta.

"Baba, wannan ai ya yi mini yawa. Ɗan kaɗan nake so. Sauran fa, in zubar?"

Zubar da wahalar makonni? Baba ya dubi silin, kamar an rubuta amsar a can.

"Mayar da shi firiza. Wannan zubin mai ƙarfi ne, zai jure."

Ta sauke wayar daga kafaɗa, abin da ba ta cika yi ba. "Kai ne kuwa? Ko an canza mana kai a hanya?"

"Ilimi gaba yake yi, 'yar nan. Ku ne fa masu karatun."

Ta yi dariya ta mayar. Da wani ne ya faɗa da ta yi musu har a kira Farfesa. Amma mutumin da ya hana ka jin maganar uwarka, in ya ce ka mayar, ai sai ka mayar. Ta narkar ta ɗiba ta mayar, ta sake narkarwa ta ɗiba ta mayar, don ita ce mai gwaji kusan kullum.

Sai kore ya fara disashewa. Farantin da a da ke haske kamar gari, ya koma kamar ƙauyen da aka ɗauke wa wuta, fitila ɗaya nan, ɗaya can. Guguwa ta canza ruwan kiwo. Ta canza ƙwayoyin. Ta sake gwajin daga farko. Ta fara zuwa da jajayen idanu. Farfesa ta ce ruwa ba ya tsami banza, ta sa aka kira mai gyaran firiza, wani kakkauran mutum da ake ce wa Injiniya. Ya kwanta a ƙasa ya leƙa, ya sa kunne ya saurara, ya tashi yana kakkaɓe wando.

"Ranki ya daɗe, firizar nan ta fi ni lafiya. In akwai mai zazzaɓi a ɗakin nan, ba ita ba ce."

Daga nan idanu suka fara juyawa, kuma kowa ya san inda suka nufa. Kura ce, ta ci ba ta ci ba, ita za a nuna. Wani ya tuna ranar da ta ruga da bokitin ƙanƙara a baranda. Wata ta tuna ta taɓa ganin ta tana kaɗa kwalba da yatsa. Ba wanda ya tuna da Baba, don zargin hannun Baba kamar zargin ƙasa ne da motsi.

Aka yi taro a ofishin Farfesa, kowa da kujerarsa, Baba a ta kusa da ƙofa, hannuwansa biyu cikin aljihun farar riga. Farfesa ta sa Guguwa ta faɗi yadda take yi, daga buɗe firiza har rufe ta. Ta faɗa tiryan-tiryan, har ta kai inda ta ce, "Sai in mayar da sauran."

 Wani ɗalibi har da salati.

"Ki mayar?" Farfesa ta cire gilashi. "A ɗakin da Malam yake? Shekara nawa yana faɗa, har bango ya haddace?"

Guguwa ta buɗe baki, ta juyo ta dubi Baba. Ba kallon tuhuma ba ne. Kallon yarinya ne da ta hango babanta a cikin taro tana jiran ya taso. Baba kuwa ya gano wani abu mai ban sha'awa a kan takalminsa, ya dage da nazarinsa. Ta jira. Ta haɗiye abin da ke bakinta.

"Kuskure ne, ranki ya daɗe," in ji ta.

Farfesa ta yanke hukunci ba tare da ɗaga murya ba, wanda ya fi ɗagawar ciwo. Sabon zubi na nan fitowa. Guguwa ba za ta taɓa shi ba, wani za a ba gwajin ya ci gaba da shi. Kuma ranar rabo an soke dokar fita, kowa zai tsaya ya kalli yadda Malam ke yi. "Musamman ke," in ji ta.

Da aka tashi, Baba ya ga abin da bai taɓa gani ba. Guguwa tana tafiya a baranda a hankali, har shi ya kusa cim mata. A bakin matakala ta ce, "Sai da safe, Baba," ba tsiya, ba dariya. Da ta zage shi da ya fi samun sauƙi.

Ya isa gida rana ba ta faɗi ba, ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ɗinki, ya ba Tela labari, yana ta kewaye-kewaye, wai wani abokin aikinsa ne hannunsa ya fara ba shi matsala. Ta bar shi ya gama, ƙafarta na kan keke.

"Allah sarki. Shi abokin naka, matarsa ma ɗinki take yi?"

Ya ɗago ya kalle ta, ita kuma ta ci gaba.

"Malam, allurar da nake ɗinki da ita yanzu, jiya wata ta tambaye ni ko takalmi na koma gyarawa. Ina jira ne ka faɗa da bakinka."

"In na faɗa, me ya rage? Tsoho ya ce hannu kaɗai gare ni. Ba baki, ba ƙafa. In suka karɓe fifet, me zan je yi? In riƙa gaishe da firiza?"

"Ni da idona ya tafi, ɓoyewa na yi? Cewa na yi zo ka zura mini. Na mutu?"

"Ke daban."

"Eh, ni daban, ni ba a yi mini kirari a wurin aiki." Ta ciji zare ta tofar. "Wanzami dai ba ya son jarfa. Kai ka ja ruwa, 'yar mutane yake duka, kana tsaye a inuwa da lema."

Ya ce yana ganin ranar rabon zai tashi da ciwon kai. Ta ce in ya kwanta ciwon ƙarya ko ruwan zafi ba za ta ɗora masa ba, kuma duk wanda ya buga waya za ta ce ga shi nan garau yana ƙirga silin. Daga nan ta miƙo masa wata riga ta ce ya riƙe mata gefe, ya riƙe, rigar na ɗan karkarwa tsakaninsu, ba wanda ya kalle ta.

Gaskiyar magana, Baba bai fita ranar rabon da niyyar tona kansa ba. Bai kai nan a jarumta ba. Abin da ya saƙa a ransa shi ne, hannun nan yakan yi hankali wata rana, ƙila yau ranar hankalinsa ce. In ya raba wannan zubin a ƙananan kwalabe yadda ya kamata, kore zai dawo, a hankali a mance, a hankali a yafe wa Guguwa. A hankali dai, yadda ya saba warware komai. A mota ya riƙa lallashin hannun kamar jariri, yana shafa shi da na hagu.

Ya tarar an jera masa komai. Bokitin ƙanƙara, 'yan mitsi-mitsin kwalabe a layi bakinsu a buɗe kamar 'yan tsaki, da kwalbar zubin a tsakiya. Jama'a sun yi da'ira a bayansa. Farfesa na gefen dama da hannuwa a harɗe. Guguwa na can baya, ta jingina da bango, ba waya a kafaɗa.

Ya zauna. Ya sa safar hannu. Ya ɗauki fifet, ya zuƙo ɗigon farko lafiya lau, har ya ji wani ɗalibi ya sauke ajiyar zuciya don sha'awa. Ya nufi kwalbar farko. Sai babban yatsa ya ji kiɗansa. Bakin bututun ya fara zana ƙananan da'irori a iska, a saman kwalbar, ya ƙi sauka. Ya dafa gwiwar hannu. Ya tallafe da na hagu. Ɗigon da ke ciki yana rawa, ya san in ya matsa maɓallin nan yanzu kumfa ce za ta fito, kuma wannan karon ba Guguwa kaɗai zai cuta ba, har da wahalar duk wanda ke tsaye a bayansa.

Abin mamaki, ba tsoron Farfesa ne ya tsayar da shi ba, ba kuma maganar Tela ba. Tausayin 'yan aiken ne. Ya yi shekaru yana kare su daga hannun mutane, bai iya ya zama shi ne zai yaga musu riga ana kallo ba.

Ya mayar da ɗigon cikin kwalbar zubin, a jikin bango, da duk dabarar da ta rage masa. Ya rufe. Ya ajiye fifet. Sannan ya zaro hannun daga cikin kabad ya ɗaga shi sama, yatsu a buɗe, ya bar shi ya yi rawarsa son ransa a gaban kowa.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "Injiniya ya yi gaskiya. Ba firiza ba ce. Ga mai zazzaɓin."

Ba wanda ya yi dariya. Farfesa ta sauke hannuwanta.

"Tun yaushe, Malam?"

"Tun kafin kore ya fara tafiya. Ni na koma manyan kwalabe don ƙananan sun fi ƙarfina. Kuma da ta tambaye ni sauran, ni na ce ta mayar. Da bakin nan. Ta rufa mini asiri ne a taro, ni kuma na bar ta a rana."

Farfesa ta daɗe tana kallon hannun da ya gyara mata riƙo tana yarinya. Ta sa gilashi, ta cire, ta sake sawa.

"Daga yau ba ka sake ɗaukar fifet a ɗakin nan," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Gobe kuma likita za ka gani, ko da ɗaure ka za a yi. Sauran maganar ni da kai ne." Ta dubi bokitin. "Ƙanƙara na narkewa. Wa zai raba?"

Baba ya miƙe daga kujerar da ya shekara ashirin da ɗoriya yana ɗumamawa. Ya cire safar hannu, ya juya wajen bangon da Guguwa ke jingine.

"Dakta. Zo ki zauna."

"Ni?" Idonta ya kawo ruwa, amma bakin na nan da kaifinsa. "Ni da nake rufe firiza da ƙafa?"

"Da ƙafa kike rufewa. Hannunki ban taɓa ganin ya yi kumfa ba. Da na gani da kin ji a jikinki."

Ta dubi Farfesa. Farfesa ta gyaɗa kai, ta kuma sa ƙafa ta jawo wata kujera mai dogayen ƙafafu, ta tura wa Baba. "Ba inda za ka, Malam. Zauna nan bayanta."

Guguwa ta sa safar hannu, ta zauna, ta ɗauki fifet. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Ban yafe ba fa, Baba. Ka sani. Har hannuna na riƙa kallo a gida ina tambayarsa abin da na yi masa."

"Na sani."

"Sai kore ya dawo tukuna, in yi shawara."

"Ya yi."

Ta fara. Ɗigo ya sauka a jikin bango ya gangara. Ta rufe, ta dasa a ƙanƙara, ta ɗauki ta gaba. Tana da sauri, ba shakka, amma Baba da ke zaune ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinyoyi ya ga babu gaggawa a ciki. Can wajen tsakiyar layi wata 'yar kumfa ta leƙo a bakin bututu. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga ta riga ta tsaya, ta saki maɓallin a hankali, kumfar ta koma inda ta fito. Ya rufe bakinsa. Ashe ko wa'azin ba a bukata. Ya zauna shiru a kan kujerar, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, yana kallon bayan farar rigarta, yana tunanin abin da mutum ke yi da ranakunsa in ba hannu, ba baki.

Kwalba ta wuce, wata ta wuce. Sai Guguwa ta tsaya cak, fifet a sama.

"Baba."

"Na'am."

"Ka yi magana mana. Shirun nan naka sa hannuna rawa yake yi."

Baba Lallaɓa ya gyara zama, ya yi gyaran murya.

"To sauke kafaɗar nan, ba waya a kai. Kuma wa ya ce ki riƙe kwalba ta ciki? Ta wuya ake riƙewa, ɗumin yatsa ma ɗumi ne. A hankali, 'yar nan. Ba kora ake yi ba."